Shayar da Ƙusa

Ban sani ba ko ku ma haka ne, amma ni duk sa'ad da firji ya kama ƙugi a ɗaki, wannan gurnani na ƙasa-ƙasa da ba ya hawa ba ya sauka, sai hancina ya jiyo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba ta damina ba, ta gindin randa. Sai in ga kaina a Kiyawa, a ƙofar ɗakin Goggo, riƙe da moɗa.

Goggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, aka ba ta ni tun ina tatata, a hannunta na tashi har na yi aure. Mijinta direban babbar mota ne, da ya rasu abin da ya bar mata bai wuce garmaho da 'yan faya-fayai ba. Ba irin wanda ake wanawa da hannu ba, na lantarki ne, mai murfi da lasifika biyu. Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta shafa turare, ta goge wa garmahon ƙura, ta ɗora faifan wani mai kukuma da marigayin yake so. Kafin la'asar maganar ta zagaye unguwa.

Mahaifina ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "Adda, mutane suna magana. Da girmanki a ce ana jin kiɗa a ɗakinki?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ban kai kiɗan ɗakin kowa ba. Mai shi ya tafi, wannan ya bar min. Wanda ya dama ya toshe kunnensa."

Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Garmahon nan yana da aibi guda. Da an kunna shi, tun allura ba ta taɓa faifai ba, sai lasifika ta kama ƙugi kamar an tare ƙudan zuma a tulu. Maganin da marigayin ya koya mata shi ne wata siririyar waya da aka ɗaura a bayan garmahon, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta je ta naɗe wata doguwar ƙusa da aka kafa a rairayin gindin randa. Muddin wurin yana da danshi, ƙugin ya kwanta. Da damina ba ma ko tunawa da shi. Amma in bazara ta kankama, ƙasa ta bushe ƙamas, randa ta yi ƙasa, sai ka ji ya fara dawowa a hankali. Nan Goggo za ta ɗaga yatsa ta ce da ni, "Je ki shayar da ƙusa." In ɗebo ruwa a moɗa in tsiyaya, ina ji ƙamshin ƙasa yana tashi, ƙugin yana ja da baya, muryar kukuma tana fitowa tas. Matan gida su yi ta dariya, wai ana wahalar rijiya Goggo tana yi wa ƙarfe ban ruwa, ko jira take ya yi tsiro. Ita kuwa ko a jikinta.

Tana da doka ɗaya da ba ta sassauci a kanta. A wasu gidaje in allura tana tsalle sai su ɗora mata kwabo a ka don ta zauna. Wani ɗan maƙwabta ya taɓa gwadawa a namu, ya sha ranƙwashi. Ta ce nauyi ne ke cinye faifai, kuma in ya cinye babu mai dawo maka da abin da ke ciki.

To yanzu Goggo tana wurina a unguwar Limawa. Tsufa ya tafi da ita inda ba ma iya binta. Ni da ta goya, sai ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, yaushe za a mayar da ni gida?" Wannan magana tana yanka ni, ba zan ɓoye muku ba.

Bara yayana ya tashi gyaran gidan Kiyawa. Ya kira ni a waya, wai ga 'yan gwangwan a ƙofar gida, zai haɗa musu da tarkacen ɗakin Goggo. Na ce kada wanda ya taɓa komai sai na zo. Na iske garmahon a tsakar gida, kusa da fasassun kwanuka.

Ya ce, "Ke dai akwai neman wahala. Duk waƙar da kike so tana cikin waya. Ita kuma ba ta san ma wace ce ke ba, balle wannan akwatin."

Na ce, "Yaya, da ranta za a raba kayanta? Ba ta mutu ba. Ni kuma ban gaji ba."

Na rungumo abina na sa a mota, raina a ɓace.

Da ƙyar na samu wani dattijo mai gyaran rediyo a cikin gari da ya yarda ya duba. Ya ce injin da ke juya faifan lafiyarsa ƙalau, kan allurar ne ya mutu, wato ɗan ƙoƙon da allurar take maƙale a jikinsa. Ya aika Kano aka zo masa da iri biyu. Ɗaya mai nauyi ne, ba ruwansa da ƙugi, amma yana nuƙurƙusar faifai a hankali. Ɗayan mara nauyi, irin na asali, yana fitar da sauti garau, sai dai ba ya ɓoye komai, duk wani gurnanin inji da na wuta sai ya kwaso shi. Ya ba ni shawara in ɗauki mai nauyin in huta. Na tuna ranƙwashin ɗan maƙwabta, na ce a sa min mara nauyin. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, za ki dawo."

Ranar da na haɗa shi a falo yayana ya zo duba Goggo. Na kunna. Wallahi ƙugin da ya tashi ya fi na da muni, kukumar can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Ita wayar ƙusar tuni 'yan gwangwan suka tafi da ita, ni kuma zumuɗi ya sa ban ko tuna da ita ba. Yayana ya kama dariya ƙasa-ƙasa. Na miƙa hannu zan kashe, idona ya cika da hawayen takaici.

Sai Goggo, da ke kishingiɗe tana kallon bango, ta ɗaga yatsa. Ta kira ni da sunan da ita kaɗai take kirana da shi, wanda na fitar da ran sake ji. Ta ce, "Kina zaune? Je ki shayar da ƙusa."

Dariyar yayana ta tsaya. Tsakar gidana siminti ne kaf, ko tafin hannu na ƙasa babu. Na ɗauko guduma na fasa simintin gindin taga, ban jira izinin kowa ba. Yayan nawa ne ya karɓi gudumar daga hannuna ya ƙarasa, ya kafa guntun rodi, ya feɗe wata tsohuwar waya muka ɗaura. Na tsiyaya ruwa. Ƙugin ya kwanta, kukuma ta cika ɗakin, Goggo tana kaɗa ƙafa.

Kada ku ɗauka ta warke. Washegari na koma baiwar Allah. Maigidana ya ga ramin ya yi ta mita, baƙi kuma suna tambaya me na shuka a can. Wasu sun ce in girka randa a wurin kamar yadda take a Kiyawa, danshi ya zauna, in huta da ƙugin gaba ɗaya. Na ƙi, kuma ba zan girka ba. Da gangan nake barin rana ta busar da ramin. In an yi la'asar sai in kunna garmahon, in bar shi ya yi ta gurnani, in zauna kusa da ita da moɗata a hannu. Wata rana ba ta cewa komai. Wata rana kuwa sai yatsan ya ɗagu, ta kira sunana.