Faifan da Marjorie Ta Sa

A shagon gyaran kwamfuta a garin Duluth, wani dattijo yana gabana a layi, rungume da tsohuwar kwamfutar tebur kamar mai ɗauke da jinjiri. Rigar sanyinsa ta yi masa yawa, maɓallanta ma a saɓe suke. Da alama yanzu ba mai duba shi kafin ya fito daga gida.

Sabuwar ma'ajiya yake so a ƙara wa kwamfutar, SSD, ko ta rage nawa. Wendell mai gyara ya buɗe murfin, ya leƙa.

"Yallaɓai, wurin jonawa biyu ne kacal, duk a cike. Sai dai mu cire na'urar faifai. Wa ke sa faifai yanzu?"

Dattijon yana shafa wata takarda da aka manna a jikin kwamfutar, mai rubutun hannu: Marjorie.

"Akwai faifai a ciki, na waƙoƙin cocinsu," in ji shi. "Matata ce, ita ta sa da hannunta kafin ta rasu."

"To, in fito maka da shi mana."

"A'a, ɗana. Mayar da murfin. Ta yi ta nawarta. Ni saurin me nake yi?"