Giwar da Muka Yi wa Fim

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a Haɗeja, kuma da ba don Yayata ba da har yau a nan na tsaya. Malamar firamare ce, ita ce kuma uwar surutu a zauren waya na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Wata rana da hantsi ta shigo shagona ido jajur, ta ce giwar nan ta mutu.

"Wace giwa kuma, Yaya?"

"Ta gidan zu mana! Kai ba a kai ka ba?"

An kai ni. A zamaninmu duk wanda ya shiga aji biyar sai an loda shi a bas an kai shi birni kallon namun daji, kuma giwar ce abin labari idan an dawo. Daga baya da ta tsufa aka ce an mayar da ita wani gandun daji mai nisa. Yanzu ga saƙo yana yawo a waya cewa ta mutu a can. 'Yan zauren suka yanke a yi mata fim, kowa ya faɗi abin da ya tuna, Yaya kuwa ta riga ta ce musu ƙanenta zai ɗauka.

Na ɗauka aikin mako guda ne. Telan da muka fara da shi ya rantse toron giwa ne mai haure biyu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mace ce, haurenta ɗaya a karye. Wani direba daga Malam Madori ya ba da labarin yadda ta cire masa hula ta mayar masa a ka, har da ƙwalla. Kafin mako ya fita wasu mutum biyu sun ba ni labarin hular nan, kowa ya ce tasa ce, kuma ba wanda ya yi kama da mai ƙarya.

Ni kaina abin ya taɓa ni. Na daɗe ina tuna yadda ta miƙo hanci ta karɓi rake a hannuna, har da ɗumin numfashinta. Sai ga Yaya a gaban kamara tana ba da wannan labarin tiryan-tiryan, wai ita ce mai raken. Na kashe kamarar na ce, "Yaya, ai ni ne."

"Kai? Kai da aka ce amai ka yi ta yi a bas, ko sauka ba ka yi ba?"

Aman dai na tuna shi sarai.

Ana haka aka ba mu labarin wani tsoho a wani ƙauye bayan Kirikasamma, wai shi ne mai kula da ita a da. Damina ce, ruwa ya shanye hanya, sai a kwalekwale muka ƙarasa, muna kutsawa cikin ciyawar kacalla, na rungume kamara a leda. Yaya ta ce idan muka same shi gardama ta ƙare.

Mun tarar da shi yana ɗinkin komar kamun kifi a gindin tsamiya. Bayan gaisuwa ya ce shi ba mai kula da ita ba ne, ciyawa yake yanko mata. Na tambaye shi mace ce ko namiji. Ya ce kamar dai an yi giwa biyu, ɗaya bayan ɗaya, ko kuma tare, ya manta. Abin da bai manta ba shi ne gurnanin da take yi a ciki idan ta hango shi da dami, wanda ake ji a ƙafa kafin a ji a kunne. Ya kwaikwaya mana, jikokinsa suka fashe da dariya.

Yaya ta ce, "Allah sarki Baba, sai haƙuri. Ka ji ta mutu?"

"Wa ya ce ta mutu, 'yata? Ai bara wani da ya je can ya ce ya gan ta tana wanka."

Muka sake hawa kwalekwale muka juyo gida. Da muka iso muka bi sawun saƙon: wannan ya ce wancan ya turo masa, wancan ya ce a wani zauren ya gani. Hoton da ke jikin saƙon ma wani ya ce ba a ƙasar nan aka ɗauke shi ba.

Na zauna gaban kwamfuta na rasa wa zan yanke, wa zan bari. Ƙarshe na bar kowa da maganarsa. Muka haska fim ɗin bayan la'asar a babban ajin makarantar, an toshe tagogi da tabarmi. Aka yi dariya, aka yi musu, masu hula uku suka kusa cacar baki. Wani malami ya tashi zai yi addu'a, ya juyo ya tambaye ni a hankali, ta rahama zai yi ko ta tsawon rai, kuma ma ana yi wa giwa? Na ce wallahi ban sani ba. Sai ya yi mana addu'a, mu da muka taru.

Ina naɗe wayoyi wani dattijo mai fataucin shanu daga Kafin Hausa ya riƙe min hannu. Ya ce shi bai taɓa shiga gidan zu ba, amma ranar da aka tafi da ita motarsu na bayan tata, ya yi ta kallon kunnenta yana kaɗawa ta saman katako har suka rabu a mararraba.

"Ɗana, ko an rufe ɗauka?"

Na dubi Yaya, ta ɗaga kafaɗa. Na jawo masa benci kusa da taga, na yaye tabarma ɗaya don haske ya shigo.