Ku Yi Shiru, Ina Ɗauka

Akwai wata ƙara da kaset ke yi kafin waƙa ta fara, shuuu, kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Jiya da hantsi maƙwabcina mai gyaran rediyo ya kunna wata tsohuwar rakoda a shagonsa. Ta taga na jiyo, sai na jingine tsintsiya na zauna.

A unguwar New Bell na girma, cikin gidan katako mai rufin kwano. Babanmu yana aiki a wani ofishin fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, shi dai kaset. Waƙoƙin garaya da kalangu da direbobin arewa ke kawo masa, kiɗan makosa na nan garin, kiɗan Kwango, har na Larabawa. A kwalaye yake jera su bisa kabad, don da damina ruwan lambatu har ɗaki yake shigo mana. Kowane kwali da ƙullin gawayi a tsumma saboda laima. In rana ta leƙo ranar Lahadi, sai a fito da su su sha iska kamar tufafin salla.

Sai shekarun matsin tattalin arziki da muke ce wa kris suka zo. Aka rage ma'aikata, har da shi. Talabijin ta tafi, firij ya bi ta, amma kaset ko ɗaya bai fita gidan ba. Sayen sababbi ne ya gagara, sai ya koma ɗauka daga rediyo. Rakodarsa ba ta da rediyo a jiki, don haka yakan ajiye su baki da baki a kan tabarma, ya danna maɓallai biyu tare, ya ɗaga hannu.

"Ku yi shiru, ina ɗauka!"

Ka san gidan yara. Inna takan amsa daga tsakar gida, "Malam, ka faɗa wa turmin da kanka, ni ba ya jin maganata."

Haka komai ya riƙa shiga. Dakan Inna, tarin kakarmu, mai tallar makala, fanken garin nan, a lungu, ruwa a kan kwano, mu muna ƙunshe dariya. Baba ya yi tsaki, tsakin ma ya shiga. Ni ce mai mayar da zare baya da biro don kada batir ya ƙare, na san kowane kaset da hayaniyarsa.

Baba da Inna sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. 'Yan'uwana suka watse, wani Garwa, wata Gabon. Kwalayen suka zauna wurina, tunda ni ce ban tashi ba.

Ɗana na fari sunan Baba ya ci, Babana nake ce masa. Da ya samu aiki a unguwar Bonanjo, ya kawo mini wata na'ura: sifika a kowace kusurwar falo, da wata ƙatuwa a ƙarƙashin talabijin. Ya kwashe kwalayen ya kai wa wani mai kwamfuta a kasuwa, wai za a zuba waƙoƙin duka cikin wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba. Ranar da ya dawo da shi fuskarsa cike da murna.

"Mama, duk suna ciki. Na sa an wanke su, an cire hayaniyar nan. Waɗanda suka ƙi wankuwa mun nemo sababbinsu a intanet."

"Kaset ɗin fa?"

"Sun yi funfuna, Mama. Na ce ya zubar."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka, Babana." Har zuciyata na faɗa. Shi waƙa ya san kakansa ya tara.

Yanzu sunayen na fitowa a talabijin, ina karanta su a hankali da karatun da na yi a ajin manya. Kalangu ta dama, garaya ta hagu, kamar makaɗan sun zagaye ni. Sai dai duk inda na san taɓarya za ta sauka, ba ta sauka. Waƙar tana wucewa fes, babu kowa nawa a ciki.

Ƙarar jiya ce ta tuna mini da rakodar Baba da ta daɗe da mutuwa a ƙasan gado. Na jawo ta, ashe akwai kaset ɗaya maƙale a cikinta. Da safen nan na kai wa maƙwabcina. Ya ce zaren ya tsufa, zai iya tsinkewa a juyin farko, gara ya kwafa yana kunnawa. Na ce bismilla.

Shuuu. Sai ruwa a kan kwano. Sai turmi. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, na daɗe kafin na gane ni ce. Sannan muryar Baba, kusa, kamar yana bayana.

Maƙwabcina ya ce, "Hajiya, in rage miki hayaniyar?"

"Ko tari ɗaya kada ka taɓa."

Na dawo gida da abin da ya kwafa a cikin ɗan akwatin nan na waƙoƙi. Ban kunna ba tukuna, sai Babana ya zo Lahadi ya ji kakansa. Na zauna a falo tsakanin sifikokin. Ba daka, ba tari, ba yaro ko ɗaya. Shirun da Baba ya yi ta nema ga shi ya samu, babu mai ɗauka.