Wasiƙar da na rubuta wa lauyan Amurka

"Sake karanta min wurin nan," na ce wa jikata. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinmu a unguwar Hindawiyya, nan Makka, waya a hannu, tana aikin makaranta a kan wani lauyan Amurka. Ubanta, ɗana ke nan, kwanansa goma sha ɗaya a tsare. Ya je dako a Mina lokacin Hajji da iƙamar da ta ƙare, wato takardar izinin zama, aka kama shi. An ce Chadi za a kai shi, ƙasar da kakansa na wajen uba ya fito. A Makka na haife shi, Chadi ko a mafarki bai taɓa ganinta ba.

Ta sake karantawa, tana juya min da Hausarta rabi Larabci. Wai ɗan manomi ne, bai yi wata makarantar kirki ba, a ofishin wani lauya ya zauna yana shara yana karatu har ya iya. A kan doki yake bin alƙali gari-gari. Wani bawa ya gudu, aka zo mayar da shi, mutumin nan ya miƙe a kotu ya ce babu inda za shi. Daga baya mutanensu suka tura shi majalisa.

Na karɓi wayar na duba hotonsa. Gemu har ƙirji, fuska a murtuke. Na ce wannan in ya yi magana za a ji.

Ni da tsufa na koyi rubutu, bayan haƙora sun fara zuba. Kwana uku ina fama da wasiƙar nan. Na gaishe shi, na gai da iyalinsa. Na ce ɗana bai yi sata ba, kayan alhazai ya ɗauka a ka. Na yi masa alkawarin jarkar zamzam da dabino.

Na miƙa wa yarinyar. "Juya ta da Turanci ki tura masa."

Ta karanta, ta ɗago. "Ya sitti, da gaske kike?"

"Na yi miki kama da mai wasa? Tura, 'yar nema."

"Kaka, ya mutu fa. Ya fi shekara ɗari da mutuwa."

"To wa ya gaje shi? Ba shi da ɗa?"

Sai ta rufe fuska da gyale ta kama kuka. Na karɓe takardata, na ninke, na cusa ƙarƙashin katifa.

Ranar Talata ɗana ya kira daga filin jirgi, za a tafi da shi Chadi. Ya ce in tambayar masa mutanen unguwa ko akwai wanda ya san sunan garin kakansa.