Hotunan Kamu da Wayar Gwaggo

Wata rana, ana dab da komawa makaranta, na shiga wani ɗan shagon hoto a Tudun Wadan Zariya don a wanko mini hotunan fasfo na yara.

Kun san ni da sa ido. In aka ce in zauna in jira, ba na zama haka kawai, sai na ƙare wa kowa da komai kallo.

Mai shagon mace ce, matashiya, siririya, mai ƙaramar murya. Sunanta Shafa'atu. Babban aikinta ɗaukar hoton bukukuwan mata: kamu, sa lalle, yinin biki, suna.

Wanda bai sani ba ya sani. A irin waɗannan taruka, in aka rufe ƙofa aka tabbatar babu namiji, mata kan ajiye mayafi su sake. Wadda ko goshinta ba a gani a titi sai ta miƙe ta taka rawa.

Shi ya sa ake neman mace ta ɗauki hoton. Ba wai don ta fi maza iya riƙe kyamara ba. An yarda da ita ne kawai.

Yardar nan ita ce duk jarin Shafa'atu. Ranar da mata suka daina yarda da ita, ta tashi daga aiki.

Ina zaune sai ga wata Hajiya ta banko labule, ko sallamar kirki babu. Babbar mace, ta sha leshi, turarenta ya riga ta shigowa. Daga baya na ji sunanta Hajiya Turai.

Ta dangwara waya a kan tebur.

"Shafa'atu, kalli nan. Wace ce wannan?"

Shafa'atu ta leƙa. Ni ma na miƙa wuya, ba zan ɓoye muku ba.

Hoton wata matashiya ne a wurin kamu, babu mayafi, ɗankwali ya zame, ga kitso a waje, tana tsakiyar rawa tana dariya.

"Anti Kubra ce," in ji Shafa'atu. "Yayar amarya."

"'Yata ce. Matar aure ce. To jiya wani abokin mijinta ya tura masa hoton nan, wai ba madam ba ce wannan? Tun jiya yarinyar nan kuka take yi, mijin ko abincinta bai kalla ba. Yaya aka yi hoton ɗakin mata ya kai hannun maza?"

Shafa'atu ta yi saurin kawar da kai daga hoton.

Nan take zuciyata ta ce, to, ga mai laifi nan.

Bari in yi muku bayanin yadda take aiki, don ku gane inda aka kwana. In ta gama gyara hotunan biki, sai ta loda su a wani shafi na intanet, ta tura wa masu biki linki. Ana dannawa sai hotuna su buɗe. Babu rajista, babu imel, babu lambar sirri. Kakar da ko sunanta ba ta iya rubutawa a waya ba, ita ma da dannawa ɗaya ta ga jikokinta.

Abu ne mai sauƙi, kuma mutane suna so. Ni kaina na sha jin daɗinsa.

Amma ni ban cika yarda da abin da ya yi sauƙi da yawa ba.

"Hajiya, ke kaɗai na tura wa linkin," in ji Shafa'atu. "Ko amarya ban ba ta ba. Kuma na tambaye ki ko in sa lambar sirri, kika ce in bari, tsofaffinku ba za su iya ba."

"Kada ki juya mini magana. Wa ke taya ki gyaran hotuna?"

"Ni kaɗai."

"Mijinki fa? Ba ya taɓa kwamfutar nan?"

"Wallahi ba ya taɓawa."

"Ai kowa ma ya iya wallahi."

Na dubi kwamfutar. An ɗan karkata fuskarta wajen bango. Na ce a raina, me ake ɓoyewa? Na dubi ƙofar baya, a rufe. Na ce, wa ke ciki? Har wata hular maza da na hango rataye a ƙusa sai da na sa ta cikin shaidu.

Daga baya na gane ta masu ɗaukar hoton fasfo ce, wanda ya zo babu hula sai a ara masa. Amma a lokacin, a wurina, hujja ce babba.

Hajiya kuwa ba ta bar kowa ba. Ta zargi ƙawayen amarya. Ta zargi dangin ango, wai dama tun ranar kai lefe take ganin take-takensu. Ta zargi mai ƙunshi. Amma duk inda ta zagaya sai ta dawo kan Shafa'atu, don ita ce bare, kuma ita ce ke riƙe da hotunan.

Ana cikin haka wayar Shafa'atu ta yi ƙara. Ta ɗaga, ta saurara, ta ce, "To Hajiya. Babu komai. Allah Ya sanya alheri."

Ta ajiye wayar a hankali.

"Masu bikin Asabar ne. Sun ce sun sami wata."

Hajiya Turai ta gyara zaman mayafinta.

"Ai da safe na yi saƙon murya na saka a guruf ɗin mata. Na ce duk mai son rufin asirin 'ya'yanta kada ta kira ki. Ba zan bari a cuci wasu kamar yadda aka cuce ni ba."

Ko da ina zarginta, na tausaya wa yarinyar nan. Ba a gama bincike ba, an riga an yanke hukunci, an kuma yi shela.

Shafa'atu ta share ido da gefen hijabinta. Sannan ta ce, "Hajiya, don girman Allah, tambaya ɗaya. Ke wa kika tura wa?"

"Ban tura wa kowa ba."

"Ko mutum ɗaya?"

"Sai Gwaggona ta Maƙarfi. Tsohuwa ce, ƙafa ta hana ta zuwa biki. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, a ce an aurar da jikarta ba ta gani ba? Kuma ita wa za ta tura wa? Matar da ko kira sai an danna mata."

Ka ji magana. Matar da ko kira sai an danna mata.

Ni a nan kunnena ya tashi. Ni ce bakina ya ƙi zama, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da shisshigi. Ki kira ta mana, a ji daga bakinta, kowa ya huta."

Ta harare ni sama da ƙasa. "Ke kuma a wa?"

Amma ta ɗauki wayar. Ina jin so take ta kunyata mu duka biyun. Ta nuna mana sunan a rubuce, Gwaggo Lantana, ta danna, ta sa a sifika.

Ta yi ƙara. Aka ɗaga.

Hayaniyar kasuwa ta fara cika shagon, sannan wata ƙatuwar murya ta namiji.

"Salamu alaikum! Hajiya Turai, manyan gari! Nafi'u ne, ina shago."

"Nafi'u... ina Gwaggo?"

"Tana gida. Ai ba ta ma ga hotunan ba tukuna, kullum sai in manta. Amma mu nan majalisa mun sha kallo! Ashe haka kika iya rawa?"

Ya fashe da dariya.

Babu wanda ya taya shi.

Ga abin da ya faru, yadda Hajiya da kanta ta warware shi da 'yan tambayoyi, muryarta na ƙara ƙanƙancewa.

Gwaggo Lantana ba ta da babbar waya. Ba ta taɓa yi ba. Shekara da shekaru, duk mai son ya aika mata hoto ko saƙon murya, lambar ɗanta Nafi'u ake turawa, in ya koma gida ya nuna mata. Duk dangi sun san haka. Hajiya ma ta sani. Sai dai tun ranar da ta ajiye lambar da sunan Gwaggo, a ranta wayar ta zama ta Gwaggo.

Shi kuwa Nafi'u magidanci ne, mai sayar da hatsi, ga benci a ƙofar shagonsa inda abokai ke zama bayan la'asar. Ya ga saƙo daga 'yar kawunsa, abokiyar wasansa. Ya ɗauka hotunan ɗaurin aure ne. Ya danna, suka buɗe, babu abin da ya tambaye shi ko shi wane ne.

Sai waya ta fara yawo hannu zuwa hannu. Wani ya ce a tura masa ya nuna wa iyali. Aka tura.

A cikin waɗanda ta kai gare su akwai wanda ya san mijin Kubra.

Nafi'u bai yi da mugunta ba. Shi a wurinsa biki ne na dangi, abin farin ciki. Har ya kashe wayar bai gane me ya sa muryar Hajiya ta canza ba.



Shafa'atu ta juyo da kwamfutar, ta yi 'yan danne-danne, ta ce, "Na kashe linkin. Yanzu ko an danna ba zai buɗe ba. Amma wanda ya riga ya sauke hoto a wayarsa, wannan ba ni da iko da shi."

Hajiya Turai ta nemi kujera ta zauna. Matar da ta shigo kamar za ta ɗaga rufin shagon, sai ga ta tana murza bakin mayafi.

"'Yar nan, ki yafe mini."

"Na yafe, Hajiya. Amma saƙon muryar fa?"

In faɗi gaskiya, Hajiya ta yi abin da ba kowa zai iya ba. A gabanmu ta danna waya ta yi sabon saƙo. Ta ce ita ce ta yi kuskure, yarinyar nan ba ta ci amanar kowa ba, a yi watsi da maganarta ta safe. Ta saka a guruf ɗin da ta saka na farko.

Na karɓi hotunan yarana na fito ina cewa, to alhamdulillahi, magana ta mutu.

Ashe ba ta mutu ba.

Labarin Kubra ya zo da sauƙi. Na ji manya sun shiga, mijin ya huce.

Na Shafa'atu ne bai zo da sauƙi ba.

Saƙon farko, na zargi, kafin azahar ɗin ranar ya bar guruf ɗin da aka saka shi. Ya shiga na 'yan Islamiyya, na tsofaffin ɗalibai, na masu sayar da atamfa. Wata ƙawata da ke aure a Kaduna ma sai da ta turo mini shi, da gargaɗin in kiyaye.

Saƙo na biyu, na ban haƙuri, yana nan inda aka ajiye shi. Mata suka saurara, suka ce Allah Sarki, suka wuce. Ban ga wadda ta tura shi gaba ba.

Kwanakin baya ƙanwar maigidana tana neman mai ɗaukar hoton kamu. Na ce ga Shafa'atu, ta iya aiki, ga riƙon amana.

Ta yatsina fuska ta ce, "Anti, ba ita ce mai fitar da hotunan mata ba?"

Na zaunar da ita na ba ta labarin nan daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce ta gane.

Sannan ta kira wata.

Shekaranjiya na bi ta gaban shagon. A buɗe yake. Shafa'atu na ciki tana ɗaukar wani dattijo hoton fasfo, ta ara masa hular nan da ke rataye a ƙusa. Babbar kyamararta ta biki tana cikin jaka a saman kabad, ƙura ta fara hawa jakar.

Abin ya tsaya mini a rai, har yanzu bai wuce ba.

Darasi:

Linkin da ke buɗewa babu rajista babu lambar sirri bai san Gwaggo ba, bai san Nafi'u ba. Duk yatsan da ya danna shi, buɗewa zai yi. In hotunan ɗakin mata ne, ku ce a sa lambar sirri, ko da za a sha wahalar koya wa tsofaffi. In ba za su iya ba, ku kai musu wayar da kanku, dama ziyarar suka fi so.

Kafin ki tura, tambayi kanki: sunan wa na rubuta, kuma wayar a aljihun wa take kwana?

Kuma kafin ki yi shela da sunan wani, ki fara bincika wayarki. Ban haƙurinki ba zai kai duk inda zarginki ya kai ba.

In saƙon Hajiya na farko ya taɓa shigowa guruf ɗinku, ko wani irinsa, to ku tura wannan labari can. Wataƙila ya iske wata uwar amarya kafin ta kira wata.