Ƙullutun da Ya Ƙi Lotsawa

Shekara biyu ina ɗauke da ƙullutu a nonona na hagu ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗi ba. Ni 'yar Aliero ce, cikin albasa na tashi. Kafin a ɗinke buhu a kai kasuwar Jega, babban yatsana ke yanke hukunci. Wadda ta lotsa ruɓa ta shige ta, mai tauri ita ce lafiyayya. To, kullum wurin wanka sai in latsa abin nan, in ji shi ƙam kamar dutse, in ce madalla.

Ƙanwata da ke aure a Maiyama ce ta gan shi, muna sauya kaya a gidan suna.

"Yaya, mi ne wanga?"

"Lahiya lau yake. Taɓa ki ji."

Ta taɓa. Bayan kwana uku ta tasa ni gaba har asibitin Sakkwato. Lokacin an riga an raba mu da Sakkwato an ba mu jiharmu, amma na'urar ɗaukar hoton jiki tana can ba ta biyo mu ba.

Likitan ya shafa min wani abu mai sanyi kamar koko, ya ɗora kan na'urar, hoto ya fito a allo. Ya ɗauki hoto ɗaya, ya danna da ƙarfi ya ɗauki wani. Sai ya sa rula ya auna duka biyun, ya duƙufa lissafi a takarda. Ina ajin yaƙi da jahilci a lokacin, lambobin na gane su, abin da yake yi da su ne ban gane ba.

"Likita, mi kake nema?"

"Inna, ina duba yadda kowane wuri ya lotsa da na danna. Naman gefe ya lotsa sosai. Wannan kusan bai motsa ba, yana da tauri ƙwarai."

"Duk wanga lissahi don tauri? Ai da ka tambaye ni. Alhamdu lillahi."

Na jawo mayafina zan tashi, har ina harar ƙanwata kan wahalar da ta ba ni. Ya ajiye biro.

"Zauna, Inna. A wurinmu mai taurin ake tsoro. Yaushe kika fara jin sa?"

Na gaya masa gaskiya, har da latsawar kowace safiya. Ya ce yatsana bai yi ƙarya ba, ya auna daidai. Da na kawo masa wannan awon a watan farko, da ƙullutun kaɗai za a cire.

Suka ɗebi ɗan nama suka gwada, sannan aka cire nonon gaba ɗaya. Ƙanwata ta yi jinyata har na tashi, ko sau ɗaya ba ta goranta min ba. Da ni ce ita, tun a mota zan fara.