Jan Fenti a Jikin Gawo

Har yau ban manta da wata safiya a gonakin Getso ba, cikin daminar shekarar da aka soma aiki da Shari'a a Kano. Lokacin ina malamin daji a yankin Gwarzo. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu ke ba da izinin sare itace, mu ke kuma gurfanar da wanda ya sare ba izini. Don haka manomi ba ya murnar ganin kakinmu.

Shugaban sashenmu ya haɗa ni da wata ɗalibar jami'a, Rifkatu, 'yar wani malamin makaranta mutumin Filato. Binciken kammala karatunta a kan gawo ne, tana son auna yadda gero ke yi a gindinsa, tunda shi da damina yake zubar da ganye. Damina ɗaya ce gare ta. In ta kuɓuce, sai ta maimaita shekara. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ba a ba ta 'yan ƙarafan lamba da ake maƙala wa itace ba. Sai muka samo ragowar jan fenti muka bi itatuwan da ta zaɓa muna sa musu lamba. Mai unguwa ya sani, amma masu gonakin suna kasuwa ranar.

Da muka koma, tun daga nesa muka jiyo sara. Wasu itatuwan har sun kai ƙasa, ga wani dattijo, Malam Sule, ya kafa wa nasa gawon gatari.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya ce ta kawo jan fenti gonata? Irin shi aka shafa kafin a karɓe gonar ubana a mai da ita gandun daji. In itacen ne ya jawo ku, ga shi nan, ku bar mini ƙasata."

Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce, "Ita wannan wa ya aiko ta?" A kwanakin ana zaman ɗar-ɗar, ƙaramar magana kan zama babba. Na yi ta hasbunallahu a zuci, na cire hula na rantse masa ba gonarsa muka zo karɓa ba. Ya ce rantsuwar mai kaki ba ta tsayar da masu awo.

Sai Rifkatu ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ɗaliba ce. In ka sare shi, shekarata ka sare."

"To lambar wa ke jikinsa?"

"Tawa ce."

"Itacena, lambarki? 'Yar nan, ko akuya ba a yi mata shaida sai da sanin mai ita. Miƙo fentin."

Ya karyi kara, ya tsoma, ya rubuta sunansa da ajami a saman lambar. Maƙwabcinsa ya leƙa ya ce, "Sule, wannan ai sawun kaza ne."

Ya ce, "Kazar dai tawa ce."

Aka yi dariya. Sauran suka karɓi karan, kowa ya nufi gonarsa. Rifkatu ta yi awonta har kaka, Allah ya sa ta gama tare da 'yan ajinsu.

Waɗanda aka sare kuwa sun tafi ke nan, kuma gawo ba ya girma a idon wanda ya shuka shi. Shi ya sa nake gaya muku, ku yara masu shigowa aikin nan, izinin mai unguwa ba izinin mai gona ba ne. Kafin ku taɓa itace, ku nemi mai shi ku gaisa.